Si Tibari da Rigar da Ya Adana a Gishiri

Duk wanda ya taɓa zama a shagon shayin bakin teku na garinmu, kudu da birnin Jadida, ya san Si Tibari, ko yana so ko ba ya so. Sana'arsa sa wa kifi gishiri. Sardin ya shigo rumfarsa ɗanye, ya fita a ganga, ya shekara bai yi wari ba. A wannan fannin ba mai ja da shi. Matsalar bakinsa ce. In ka saurare shi, babu dutsen da ke ƙarƙashin tekun nan da bai taɓa hutawa a kai ba, alhali kowa ya san ruwan teku bai taɓa wuce masa gwiwa ba, shi ma ranar da iska ta kwashe masa hula ne.

Yana da 'ya guda, Najat. Akwai kuma Ridwan, wani saurayi daga garin Azammur da ke zuwa duk bazara yin nutso yana ciro jar ciyawar teku, yana ajiye kayan aikinsa a rumfar Si Tibari. Daga ajiyar kaya aka koma gaisuwa, daga gaisuwa aka koma abin da kowa ya gani. Bazara uku Najat tana jiran mahaifin yaron, Rayis Bu'azza, ya yarda ya tako. Mutum ne mai jiragen ruwa biyu da fuskar da ba a cika ganin haƙoranta ba. A ƙarshe dai ya aiko cewa ranar Asabar bayan la'asar za su zo da dunƙulen sukari neman aure.

Kowa a gidan ya yi murna, sai Si Tibari da abu ɗaya ya tsaya wa a rai.

"Za su shigo su ce sun zo gidan mai gishiri," in ji shi ga matarsa Rabha da safiyar ranar. "Mutanen teku ne, Rabha. Dole kafin su iso labari ya riga su: abin da za su ci, maigidan ne ya nutsa ya kamo da hannunsa."

"Wane maigidan?"

"Gida nawa gare ki?"

"Baban Najat, kai da in ana wanke tsakar gida kake ɗage ƙafa? Don Allah ka je ka yi aski ka dawo ka sa farar jallabiyarka. Yau ɗaya dai ka bar bakinka ya huta."

Shi kuwa ya riga ya gama shirinsa. Tun da sassafe ya je teburin Jilali mai kifi ya sayi rutala, dabbar tekun nan mai hannaye takwas, wata ƙatuwa, ya ce ta baƙi ce. Dabarar ita ce ya shimfiɗa ta a cikinsa, ya ɗora rigar nutso a kai, ya shiga ruwa a gaban jama'a, ya ɓuya bayan dutse, ya zuge rigar, ya fito yana ɗaga rutalar sama. Riga kuwa ba sai ya nema ba. Ƙarshen bazarar bara Ridwan ya miƙa masa tasa, baƙar roba mai zif a baya, ya ce, "Baba, a rataye mini ita a inuwa." Si Tibari ya ga rataya aikin ragwaye ne. Kayan amana, kuma na wanda zai zama suruki? Sai ya yi mata gata irin wanda ya iya: ya naɗe ta, ya binne ta a gangar gishiri, ya danne da dutse. Wata tara tana ciki.

Da ya tono ta, ta fito a sandare kamar busasshiyar fata. Ya kakkaɓe ta, ya yi ta kokawa har ya shige, rutala na manne a tumbinsa. Zif ɗin ya yi fari fat, ya ƙi motsi. Si Tibari ya ɗaura igiyarsa a ƙusar ƙofa, ya ja numfashi, ya durƙusa da dukan nauyinsa. Ji kake ƙarararas, zif ya haye har ƙeya.

"Ka ji aikin gishiri," ya ce wa kansa. "Ko zare ɗaya bai ruɓe ba."

Ya bi ta gaban shagon shayi yana tafiya a buɗe, ƙirji gaba. Mutane suka ajiye kofuna.

"Si Tibari, lafiya? Wa ya dafa ka ya ƙone?"

"Ku biyo ni ku ga yadda muke yi a zamaninmu."

Ai kuwa suka biyo shi, har da mai shagon da butarsa a hannu. Ya shiga ruwa. Gwiwa, cinya, ƙugu. Da sanyin ya kai masa ƙirji sai da ya ambaci sunan mahaifiyarsa. Ya lallaɓa bayan wani dutse, ya miƙa hannu baya, ya kama igiyar zif ya ja. Shiru. Ya sake ja. Ya ja da hannu biyu har igiyar ta tsinke ta bar shi da guntu a hannu. Bai gama kallon guntun ba wata igiyar ruwa ta zo ta ɗauke shi, ta juya shi sau biyu, ta kawo shi ta ajiye a gaban jama'a, rairayi har cikin kunne.

"Ina kifin?" in ji Miludi mai gyaran keke.

Si Tibari ya tofar da ruwa. "Na sami wata rutala. Mun kalli juna. Ƙarama ce, na bar ta ta girma."

"Allah sarki. Ita ce ta rako ka?"

Ya yi fuska ya zauna a kan dutse, wai yana hutawa irin na masu nutso. A zahiri jira yake su watse. Ba su watse ba. Rana ta ɗaga, rigar ta bushe a jikinsa, sabon gishiri ya hau kan tsoho, rairayi ya cike sauran gurbin. Sai wajen hantsi ya samu ya sulale gida ta ƙofar baya.

Rabha na murza kuskus ta ɗago kai. Ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Wannan ba rigar Ridwan ba ce?"

"Aro na yi. Zo ki ja mini wannan abin."

Ta ja, ta ja, ta duba da kyau. "Gishiri ne ya cinye shi. Zauna in ɗumama ruwa in zuba maka, ya narke."

Si Tibari ya yi tsalle gefe kamar ta ce za ta zuba masa wuta.

"Ruwa? A kan kayan da aka sa wa gishiri? Shekara ashirin da shida ina hana ɗigon ruwa shiga gangata! Kin san abin da ruwan daɗi ke yi wa kayan gishiri? Kwana biyu ya ruɓe. So kike in mayar wa yaro rigarsa tana tsutsa?"

"Riga ce, ba sardin ba."

"Ke kika san gishiri ko ni?"

"To a kawo almakashi."

"Ki yanka abincin yaron? Saura mako guda a buɗe lokacin nutso, da me zai nutsa, da zanenki?"

Nan Najat ta fito daga ɗaki, lalle a hannayenta. Ta ga ubanta, ta ga rigar, ta gane ta. Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Baba, shekara uku," sai idonta ya cika. Abin ya soke shi ƙwarai, don duk surutunsa, yarinyar nan ita ce ransa.

"Kafin azahar zan fita daga cikin rigar nan," ya ce. "Ni ne fa."

Ya nufi rumfar Miludi. Miludi ya zagaya shi sau biyu yana shafa gemu, ya ɗauko filaya.

"Riƙe ginshiƙin nan. Kada ka yi numfashi."

"Ja sama kaɗan tukuna, sannan ƙasa. Haka muke yi a jirgi."

"Wane jirgi?"

"Ja dai!"

Miludi ya ja. Ɗan kunnen zif ɗin ya ɓalle, ya yi sama, ya faɗa cikin shayin wani tsoho. Yanzu ko abin kamawa babu. Miludi ya ce ba komai, sarƙar keke ma da baƙin mai take sakin jiki, ya ɗauko gwangwani ya tsiyaya masa daga ƙeya har gadon baya. Kafin nan rabin kasuwa ta taru, kuma a garinmu ba a taruwa a rasa likita. Mai zaitun ya kawo man zaitun. Wata mata ta kawo baƙin sabulun wanka. Wanzami ya zo da abin cire haƙori, ya kama ƙarfen, ya taka ƙugun Si Tibari ya ja, bai ciro komai ba sai ihu.

"A zuba ruwan ɗumi mana," in ji wani daga baya.

"Wanda ya kawo ruwa kusa da ni, ni da shi har gaban alƙali!"

Sai Miludi ya kawo shawarar jaki. Aka zura waya a wuyan zif, aka ɗaura a sirdin jakin mai kayan miya, mutum uku suka riƙe Si Tibari ta gaba. Shi da kansa ya ba da umarni, don ko a nan bai yarda wani ya fi shi sani ba. Jaki ya ji sanda ya zabura. Zif bai motsa ba, amma Si Tibari ya motsa. Ya tafi da baya, mutum ukun na biye, har sai da kwandon tumatir ya tare su.

A lokacin ne kuliyoyi suka fara zuwa. Ɗaya, sannan uku, sannan aka daina ƙirgawa. Rutalar da ke kwance tsakanin tumbi da baƙar roba, cikin zafin rana, tun safe, ta fara sanar da kanta.

Miludi ya toshe hanci. "Si Tibari, me ya mutu?"

"Ƙamshin teku ne. Kai da ba ka san sai taya ba, ina za ka gane?"

Jilali mai kifi yana tsaye can gefe. Ya shaƙi iska, ya dubi tumbin Si Tibari da ya yi wani tudu mara fasali, ya buɗe baki. Si Tibari ya yi masa wani kallo na roƙo. Jilali ya rufe bakinsa da hula, kafaɗunsa na rawa.

Aka kira azahar, aka yi, aka fito, yana nan. Ga zafi, ga ƙaiƙayi, ga shayi kofi huɗu da ya sha da safe yana neman hanyar fita. Da wuya ta yi wuya sai ya ce a ransa, to, ko ruwan ne, a gwada kaɗan a ɓoye. Ya zagaya gidan wankan jama'a ta lungu, kuliyoyi na take masa baya. Ya manta daga azahar lokacin mata ne. Matar da ke tsaron ƙofa ta ga wani baƙin abu mai sheƙi yana ɗiga mai ya leƙo, ta ƙwala salati, ta bi shi da tsintsiya har bakin titi.

Yana isa gida ya ji guɗa daga farkon layi. Baƙi sun iso da wuri.

"Jallabiya!" in ji shi. "Maza!"

Rabha ba ta da lokacin faɗa. Ta zura masa farar jallabiyar a kan rigar, ta naɗa masa ƙyalle a wuya, ta juye masa kwalbar ruwan furen lemo gaba ɗaya. "In ka buɗe baki a kan teku," ta ce a kunnensa, "wallahi ni zan sa ka a ganga."

Aka shigo da dunƙulen sukari da madara da dabino. Rayis Bu'azza ya zauna a tsakiya, fuska a ɗaure. Ridwan na gefensa, kai a ƙasa. Sai mahaifiyar Rayis ɗin, Lalla Mbarka, wata 'yar tsohuwa ƙanƙanuwa wadda ta shekara arba'in tana tsintar ciyawar teku, ta wanke rigunan nutson miji da na 'ya'ya har ta gaji. Najat na bayan labule, ba a ganin komai nata sai yatsun ƙafa.

A garinmu maigida ne ke haɗa wa manyan baƙi shayi da hannunsa. Si Tibari ya sunkuya zai zauna, rigar ta yi ƙiiii. Kowa ya yi kamar bai ji ba. Ya ɗaga buta zai tsiyaya daga sama yadda ake yi, hannun ya tsaya a rabi, shayi ya sauka a kan tire. Gumi na zuba daga haɓarsa. Wani baƙin tabo ya fara fitowa a bayan farar jallabiyar yana faɗaɗa.

"Ba ka jin daɗi ne, Si Tibari?" in ji Rayis Bu'azza.

"Lafiya lau. Mu da muka saba da sanyin ƙasan teku, zafin tudu ne ke..."

Rabha ta yi tari daga ƙofa. Ya haɗiye sauran.

Wata kyanwa ta diro ta taga, ta ratsa tsakanin baƙi, ta haye cinyar maigida ta fara tonon tumbinsa. Ya kore ta, biyu suka maye gurbinta. Rayis Bu'azza ya ajiye kofinsa bai sha ba. Ya dubi ɗansa, ya dubi ƙofa. Duk wanda ke ɗakin ya san ma'anar wannan kallon. Yatsun da ke ƙarƙashin labule suka dunƙule.

Lalla Mbarka ce ta yi magana. Tun shigowarta take ɗaga hanci. Ta yafito Si Tibari.

"Ɗana, matso nan."

"Lalla, ai ina..."

"Na ce matso. Na tsufa, amma hancina bai tsufa ba. Ina jin furen lemo, ina jin man keke, ina jin roba, ina kuma jin wani abu da ya kamata a ce an dafa shi tun safe. Juya."

Ta ja ƙyallen wuyansa. Ridwan ya ɗago kai, idonsa ya sauka a kan wani shuɗin faci a ƙeyar rigar, wanda shi ya ɗinka da hannunsa.

"Baba... rigata ce?"

"Na adana maka ita," in ji Si Tibari da 'yar murya. "A gishiri."

"A me?"

Tsohuwar ba ta jira amsa ba. Ta sa aka cire masa jallabiya, ta ce a miƙo mata butar wanke hannun baƙi, wadda ruwanta ke da ɗumi, da tsohon buroshin haƙori, da guntun kyandir.

"Lalla, ruwa zai ɓata..."

"Rufe mini baki. Gishirinka na kifi ne. Wannan, duk ranar da ta shiga teku sai an ɗauraye ta da ruwan daɗi, ko jikokina sun san haka."

Ta durƙusar da shi a kan tasa a tsakiyar ɗakin baƙi. Ta tsiyaya ruwan a hankali, ta goga, ta jira. Ta sake tsiyayawa, ta sake gogawa, farin ruwa na gangarowa da rairayi da baƙin mai. Ba ta ja komai da ƙarfi ba. Da ta ga haƙoran zif sun fito, ta shafa musu kyandir, ta zare allurar mayafinta ta saƙala a inda kunnen ya ɓalle, ta girgiza shi sama da ƙasa da yatsu biyu. Abin da jaki ya kasa, sai ga shi ya taho suuu har ƙugu.

Si Tibari ya ja numfashin da bai ja ba tun safe, ya miƙe, rigar ta saki ƙirjinsa. Rutala ta sulmiyo ta faɗo tim a kan tire, tsakanin dunƙulen sukari biyu. A wuyanta ga igiyar kaba da Jilali ke ɗaura wa duk wadda ya sayar, har da madaukin rataya. Taga kuwa ta cika da kawuna, don rabin kasuwar ta biyo baya.

Rayis Bu'azza ya sa yatsa ya ɗaga igiyar, ya duba ta.

"A hanya an gaya mini ka shiga teku yau," ya ce. "A ina ka kamo wannan?"

Bakin Si Tibari ya buɗe da kansa. Labari ya riga ya hau harshensa, mai kyau kuwa, da kogo da duhu da kokawa. Sai idonsa ya faɗa kan yatsun nan masu lalle a ƙarƙashin labule.

"A teburin Jilali," ya ce. "Ban iya ruwa ba, Rayis. Ban taɓa iyawa ba. Gishiri na iya. Kada ka kama yarinyar da laifin ubanta."

Rayis Bu'azza ya saki igiyar. Sai gefen gashin bakinsa ya fara rawa. Ya yi ƙoƙarin riƙewa, ya kasa, ya fashe da wata dariya da ko ɗansa bai taɓa ji ba, har yana dukan cinya. Taga ta ɗauka, ɗaki ya ɗauka, Rabha ta zauna a bakin ƙofa tana dariya tana share hawaye.

"Kai bawan Allah," in ji shi da ya samu numfashi, "masu nutso ina da goma sha biyu. Shekara nawa jiragena na fita da gangar sardin ɗinka, ko sau ɗaya ba mu buɗe mun zubar ba. Gidan mai gishiri na zo, wa ya ce maka kifi nake nema? Ku ɗaga hannu a yi Fatiha. Amma da sharaɗi ɗaya."

"Faɗi, Rayis."

"In Allah ya kawo jikoki aka bar maka ajiya, a inuwa za ka ajiye su."

Aka shafa Fatiha, guɗa ta tashi daga bayan labule. Si Tibari bai tsaya karɓar barka ba. Ya tattare rigar a ƙugu ya fita da gudu zuwa bayan gida, kuliyoyi suka rabu biyu, rabi suka bi shi, rabi suka tsaya wa tire.

Washegari da hantsi sai ga shi a shagon shayi, ƙafa ɗaya kan ɗaya. Miludi ya tambaye shi yaya bayansa.

"Ku dai ba ku san aiki ba ne," in ji Si Tibari. "Ruwan ɗumi, buroshi, ɗan kyandir. Jiya tun safe nake gaya muku, ba wanda ya saurare ni."